Ranar da Na Ce wa Uwar Yasin Ta Buɗe Baki

Salamu alaikum 'yan gidan nan. Kafin mu fara, duk wadda take da kwano a gabanta ta ajiye wayar nan ta gama cin abincinta tukuna. Na dai faɗa muku. Kar wata ta biyo ni da saƙo tana cewa Nabila kin hana ni cin tuwo.

Saboda sababbin zuwa: ni ce Nabila, 'yar Zongon Sokode, aiki ne ya kai ni Dapaong. Wata takwas ke nan ina tare da wasu likitoci masu bincike kan ciwon daji na baki da muƙamuƙi. Ni ba likita ba ce, tafinta ce. Shugabarmu Dokta Lamboni ta yi tambaya da Faransanci, ni in juya da Hausa, in cika takarda, in riƙe tocila, in ɗauki hoto. Ranar kasuwa mu je ƙauyuka mu kafa rumfa, a yi shela duk mai ƙunsa taba ko cin goro ya zo a duba masa baki kyauta.

Baki ɗari huɗu da goma sha ɗaya na leƙa, kuma wallahi har yau ban saba ba. Na ga tsohon da ya shekara arba'in yana ƙunsa taba da kanwa a kunci ɗaya, har wurin ya yi fari fat ya kakkaure. Na ga dasashin da ana taɓawa sai mugunya. Sannan akwai wani wari. Ba na wanda bai yi asuwaki ba, ba na ruɓaɓɓen haƙori ba. Wari ne na naman da ya mutu a jikin mai rai, da ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshensa, ya maƙale miki a maƙogwaro har kwana biyu. Sau tara na ji shi a wurin aiki, kuma duk taran sakamakonsu bai dawo da daɗi ba. Kullum sai na shafa man zafi a ƙasan hancina kafin in ɗaura takunkumi. Nama kam na daina ci, ni jikar mahauta guda. Abu ɗaya nake taƙama da shi, ban taɓa yin amai a wurin aiki ba ko sau ɗaya.

A cikin wannan ƙazantar na haɗu da Yasin, wata shida da suka wuce, a kasuwar Korbongou. Motocin haya biyu gare shi masu bin hanyar Sokode zuwa Dapaong. Ranar na ɗago kai daga bakin wata tsohuwa sai na gan shi tsaye a bakin rumfa cikin farar shadda, turarensa ya danne warin kasuwar gaba ɗaya. Ya yi murmushi, haƙora talatin da biyu reras, farare tas. Ni da na wuni ina kallon kango, me kuke tsammani? Ya ce, "Ban taɓa ganin mace mai zuciya irin taki ba." Kun tuna yadda kuka cika ni da hotunan zuciya da na ba ku wannan labarin. To ku riƙe maganar nan tasa, za mu dawo kanta.

An kawo goro, an sa rana. Tun daga ranar kuwa Mma, mahaifiyata, ta kafa min dokar surukuta. Ba a kallon fuskar uwar miji. Ba a cin abinci a gabanta. Ba a ɗaga murya inda za ta ji. Sunanta kuwa ko a mafarki. Akwai ƙawata da suke suna ɗaya da ita, tun muna 'yan aji ɗaya nake kiran ta kai tsaye, yanzu ta koma Mai-sunan-Hajiya. Shi ya sa ku ma ba ku taɓa ganin na rubuta muku sunan ba.

Ranar Alhamis na iso gida don gwada ɗinkin biki. Juma'a bayan an sauko masallaci Mma ta leƙo ɗakina.

"Hajiyarsu Yasin ba ta jin daɗi, wai ciwon haƙori. Tashi mu je dubiya. Goge jan bakin nan, kuma ki ɗauko babban mayafi, ba wannan abin tace kokon ba."

Na sa shuɗiyar atamfata mai zanen ganye, na yafa mayafi ruwan toka har gwiwa. Muka ɗauki kunun gyaɗa a fulas da lemo a leda, muka hau zemijan biyu, baburan hayarmu na nan.

Gidan babba ne, ƙofar ƙarfe, tsakar gida duk tayil. Hajiya shekara talatin tana fataucin goro daga Ghana, ita ta gina shi. Na ɗauka babban falo za a kai mu, sai Farida ƙanwar Yasin ta zagaya da mu can baya, wani ɗan ɗaki kusa da inda ake jibge huhunan goro. Ta riga mu da kaskon turaren wuta, ta miƙa hannu ta dire shi daga bakin ƙofa, ta ja da baya.

"Ku shiga, Mma. Ni ina da girki a wuta."

Na shiga bayan Mma, na durƙusa, kaina a ƙasa. Abin da idona ke iya gani kawai: ƙafafun Hajiya, lallen da ya koɗe ba a sake ba, da wani gwangwanin madara cike da yashi an rufe da kwali, ƙudaje uku a kai.

"Ina wuni, Hajiya. Ya jiki?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Da sauƙi."

Muryar ta fito da nauyi, kamar mai magana da doya mai zafi a baki. Hayaƙin turaren ya ɗan lafa, na ja numfashi, sai na ji warin nan. Yana nan a ƙarƙashin turaren, da zaƙi-zaƙinsa. Sau tara na taɓa jin sa. Na goma ke nan.

Na saci kallo. Ta naɗe haɓarta da mayafi har kunne, a wannan zafin da ko ƙadangare yake neman inuwa. Mma ta kai hannu ta baya ta mintsine ni a cinya, na mayar da kai ƙasa.

Muna fita ƙofar gida na ce, "Mma, wannan ba haƙori ba ne."

"Ni ma hanci gare ni," ta ce ba tare da ta dube ni ba. "Ja bakinki."

Ban ja ba. Muna isa gida na tura wa Yasin saƙo.

"Tun yaushe Hajiya ke ciwon nan?"

Ya turo hoton fure. "Sarauniyata ta je gaida surukarta! Yaya ɗinki?"

"Yasin, tun yaushe?"

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Can sai ga shi: "Gobe da la'asar zan zo, sheri. Kar ki damu kanki." Sheri, wato masoyiya, haka yake kira na.

Ya zo kuwa, cikin shadda ruwan ƙasa da aikin zare a wuya, agogo yana walƙiya, da ledar tsire a hannu ya kawo wa wadda ya san ba ta cin nama. Muka zauna a benci ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidanmu.

"Wata nawa?" na ce.

"Ko gaisawa ba za mu yi ba?"

"Ina wuni. Wata nawa?"

Ya shafa gemu. "Bakwai. Wani ɗan ƙurji ne a cikin kunci, inda take sa tabarta. Ana magani. Akwai wani wanzami a Tchamba, sau biyu ya yi mata sakiya, yana ba mu garin da ake barbaɗawa."

Sakiya. Ƙarfe mai zafi a kan wannan ciwon, har sau biyu.

"Yasin, duk gyambon bakin da ya wuce sati biyu bai warke ba, likita ake kai shi. Wannan warin na san shi. Ka kawo ta Dapaong jibi, Dokta ta duba ta. In abin da nake tsoro ne, kowane sati da ya wuce an yi asara."

"Lopital? Asibiti?" Ya girgiza kai. "Babana da ƙafarsa ya shiga lopital, a makara ya fito. Kuma na san aikinku, yanka ne. Ku cire mata rabin haɓa, saura sati uku biki? Baƙi za su zo daga Kumasi, daga Yamai. Me za a ce? A ce akwai mugun ciwo a gidanmu, Farida ma da ake nema a fasa? Bayan biki, wallahi da kaina zan kai ta har Lome."

"Ciwon nan bai san biki ba."

A nan ne ya gyara zama, ya sassauta murya irin yadda yake yi in zai faɗa min magana mai daɗi.

"Ai shi ya sa nake gode wa Allah da ya ba ni ke. Ke kin saba. Farida ko bakin ƙofar ba ta iya tsayawa, ni kaina in na shiga ba na iya cin abinci ranar. Amma in kin tare, sai ki riƙa kawo magani daga wurin aikinku, ki wanke mata a gida, ki gyara ɗakin, babu wanda ya ji babu wanda ya gani."

Na dube shi. "Tun yaushe ka yi wannan tunanin?"

Ya yi dariya, abinsa ko a jikinsa. "Tun ranar Korbongou mana. Na tsaya na fi rabin awa ina kallon ki, kina sa hannu a bakin tsofaffin nan ko yamutsa fuska ba ki yi. Na ce a raina, wannan ita ce."

'Yan'uwa, ku yi lissafin da kanku. Ciwo wata bakwai, soyayya wata shida. Ashe ranar nan da nake ba ku labari ina rufe fuska da filo, ba ni yake kallo ba, hannuna yake kallo. Ashe "mace mai zuciya" ma'anarta wadda ba ta toshe hanci. Ina zaune ina kallon haƙoran nan farare suna motsi, wani ƙyanƙyami ya taso min wanda ban taɓa ji ba a rumfar kasuwa. Ba zan ce ba ya so na ba ko kaɗan, Allah ne masanin zuciya. Amma na tsani yadda ya faɗe ta yana murmushi, yana jiran in ce na gode.

Na tashi na shige gida, na bar masa tsirensa a benci.

Mma tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zayyana mata komai, na ce gobe kafin in koma zan je in duba bakin Hajiya da idona. Ta dire tiren.

"Ki yi me?"

"In duba, Mma. Minti biyu."

"Ki tsaya a kan uwar mijinki ki ce ta wangale baki? Ki zura mata yatsa? Ke da ko fuskarta ba ki isa ki kalla ba! Nabila, so kike in kasa shiga suna da biki a Zongon nan? A ce 'yar Safiyatu ta je ta tona asirin gidan surukanta tun ba ta shiga ba?"

"To in bar ta ta ruɓe a bayan huhun goro?"

"Tana da 'ya'ya. Ke ba 'yarta ba ce." Mma ba muguwa ba ce, tsoro ne ya yi mata yawa. "In kika yi wannan, kin kashe aurenki da hannunki. An ɗinka kaya, an gayyaci mutane. Ki yi haƙuri sati uku kawai."

Sati uku. Kowa sati uku yake cewa, kamar da ciwon aka yi shawara.

Lahadi da hantsi na ɗauki jakata na yi wa Mma sallama a kan na tafi tasha. Na ce wa mai zemijan ya bi ta gidansu Yasin. Na san ba ya nan, da safe ya turo min saƙo wai ya tafi Tchamba karɓo sabon gari, har da hoton hannu biyu na roƙo. Farida na wanka. Na zagaya baya na yi sallama.

Na durƙusa kamar kullum. Na gaishe ta. Shekara ashirin da huɗu ana koya min sunkuyar da kai, yau zan ɗaga shi a ɗakin da ya fi ko'ina haramta. Na ɗaga.

Rabona da ganin fuskarta sosai tun ina yarinya, in an aike ni sayen goro. Mace ce mai jiki a da, mai faɗa, dillalai na tsoron ta. Yanzu idanu kawai suka rage.

"Hajiya, ki gafarce ni. Zan yi miki rashin kunya." Na fito da safar hannu da tocila daga jaka. "Ina so ki buɗe bakinki in gani."

Na ɗauka kora ta za ta yi. Sai ta sa hannu ta fara warware mayafin a hankali.

"Wata bakwai," ta ce da muryar nan mai nauyi, "kowa daga ƙofa yake ce min sannu. Matso."

Ba ta iya buɗewa sosai, yatsa biyu kawai ke shiga. Na haska. Ba zan faɗa muku duka ba. Cikin kuncinta na hagu ya zama rami, gefensa ya tashi ya yi tauri, tsakiya fari da ja da baƙin garin wanzami ya cakuɗe da mugunya. Haƙora biyu suna lilo. Warin ya bugo ni kai tsaye, babu takunkumi babu man zafi, idona ya kawo ruwa. Na danne. Na shafa ƙarƙashin muƙamuƙinta, na ji kaluluwa ɗaya mai tauri, amma tana motsi a ƙarƙashin yatsana. Dokta ta sha faɗa mana, in tana motsi da sauran magana.

"Mene ne?" ta ce. "Kar ki yi min irin ta Yasin."

"Ni ba likita ba ce, Hajiya. Amma ya yi kama da ciwon daji. Sai an ɗan yanki tsoka an auna kafin a tabbatar. Shugabarmu aikinta ke nan, gobe tana asibiti."

"In na jira bayan bikinku?"

"Ina tsoron kar a ce an makara."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Kin san abin da zai biyo baya in kika fita da ni?"

"Na sani."

Ta nuna ƙarƙashin gado da ƙafa. "Jawo min akwatin nan. Da takalmina."

Farida ta fito da zani a ƙirji ta gan mu a tsakar gida, ta ɗora hannu a ka. "Hajiya ina za ki? Yaya ya ce kar ki fita!" Hajiya ko waiwaye ba ta yi ba. A tasha kuwa motar Yasin ce a kan layi. Direban ya gan ta ya fara sosa ƙeya yana laluben waya, ta ce masa, "Da goron wa aka sayi motar nan?" Ya buɗe mata ƙofa.

Awa biyar da rabi muka yi a hanya. Tun kafin Bafilo mutane suka fara zuge gilashi. Wata mata a bayanmu, mai jan leshi da zobba a duk yatsu, ta toshe hanci da gefen gyale ta ce da ƙarfi, "Kai direba, wa ya sa mushe a motar nan?" Na ji jikin Hajiya ya ƙanƙame a gefena. Na juya na ce, "Ki yi haƙuri, cukun wagashi ne na sayo ya lalace a jakata." Matar ta zage ni tas har Kara, ta ce 'yan matan yanzu ƙazamai ne, kwalliya a waje kawai. Na ce na gode. Hajiya ta lallaɓo hannuna ta cikin mayafi ta riƙe, ba ta sake ba har muka wuce Mango.

Wayata kuwa tun la'asar take ruri. Mma sau shida. Yasin sau goma sha tara, sannan saƙonni suka fara shigowa.

"Ina kika kai min uwa?"

"Nabila ki ɗauki waya."

"Wace irin tarbiyya ce wannan? Ko kunya ba ki ji ba?"

"Sheri don Allah, ki dawo da ita, mu yi magana."

Na karanta wa Hajiya duka, don ba na son a ce na sace ta. Ta ce in rubuta masa: "Da ƙafata na fito." Na rubuta, na kife wayar. A ɗakina ta kwana, na dama mata koko mai ruwa-ruwa ta sha da cokali ta gefen dama.

Litinin ƙarfe takwas muna asibiti. Dokta Lamboni 'yar gajeriya ce mai furfura a gaban goshi, mutuniyar Dapaong, Hausarta ta kasuwa ce. Na yi mata bayani da Faransanci a tsaye. Ta dube ni ta saman tabarau, ta jawo takardar rajista.

"Sannu mama. Sunanka?"

Hajiya ta buɗe baki ta faɗa, amma tafiyar jiya ta ƙara kumbura kuncin, abin da ya fito gurnani ne kawai. Ta sake gwadawa, yawu ya zubo, ta yi sauri ta tare da mayafi.

"Ban ji ba," Dokta ta ce. "Nabila, mama sunanshi?"

Wayata ta yi ƙara a aljihu, saƙon Yasin ne. Na duba.

"Na wuce Mango. In kika bari suka taɓa ta da wuƙa, ki sani babu aure."

Na mayar da ita aljihu. Dokta na jira da biro a hannu. Sunan nan na san shi tun ina yarinya, wata huɗu ina kewaye shi, har ƙawata na canza wa suna saboda shi. Suruka ba ta faɗin sa. Na dubi Hajiya, ta gyaɗa min kai sau ɗaya.

"Balkisu," na ce. "Balkisu Illiyasu."

Dokta ta rubuta abinta, ba ta san me ya faru a ɗakin ba. Ta ci gaba da tambayoyin da na yi wa mutum ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Taba? Shekara talatin da biyar, da kanwa, kullum a kuncin hagu. Goro? Hajiya ta ɗaga yatsu shida. Na karanta mata takardar yarda da Hausa, kalma bayan kalma, har inda aka ce tana da ikon ƙi. Ta miƙo babban yatsa da kanta aka shafa tawada ta dangwala.

"Mai rakiya, me zan rubuta?" Dokta ta tambaye ni da Faransanci. "'Yarta ce ke?"

"Bar wurin tukuna," na ce.

Na ɗaura takunkumi, na sa safar hannu. Sai da na riƙe tocila na tuna ban shafa man zafi ba, kuma ban koma nema ba. Aka yi allurar kashe zafi. Dokta ta yanki 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba, ta jefa a ƙaramar kwalba, ta yi ɗinki biyu. Ta shafa kaluluwar nan ta daɗe, sannan ta ce min a hankali ba ta son abin da ta gani, amma ta ga waɗanda nasu ciwon ya fi wannan nisa kuma aka yi musu aiki suka tashi. Da an ƙara wata guda, ta ce, da ba za ta faɗi haka ba. Za a aika kwalbar Lome, sakamako sai nan da kwana ashirin da ɗaya.

Ɗaurin aurena saura kwana ashirin.

Na zauna na rubuta lamba ɗari huɗu da goma sha biyu a jikin kwalbar, na rubuta sunan a ƙasa da hannuna. Hajiya na kwance da auduga a baki, idonta a rufe, numfashinta ya daidaita. Na cire takunkumi ina goge mata haɓa, fuskata dab da tata, ban ji komai ba sai tausayi.

Sai na ji takun takalmi a baranda, da sauri, da muryar mai gadi yana cewa a dakata. Kafin a turo ƙofa ƙamshin ya riga shi shigowa. Turaren nan ne na ranar Korbongou, wanda na taɓa roƙon sa ya fesa min a hankici, na kwana wata shida da shi a ƙarƙashin filo.

Ƙofar ta buɗe. Farar shadda, ido jawur.

"Nabila," ya ce.

Na miƙa wa Dokta kwalbar, na tabbatar ta riƙe ta da kyau. Sannan na juya ga kwanon wanke hannu na yi ta kwara amai.